Dungeons & Dragons ko Pathfinder: wanne ya fi dacewa da fadar matasa a Maradi?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibi a nan Maradi, wanda yake jan wasan labarin jarumta ga abokansa biyar a fadarsu ta unguwa, wato wasan da kowa yake riƙe jarumi ɗaya, shi kuma jagora yana ba da labari yana yanke hukunci. Ya ce sun fara da bugu na biyar na Dungeons & Dragons, da ƙa'idojin da suka sauke a salula, sai ɗaya daga cikinsu ya kawo maganar Pathfinder bugu na biyu, har fadar ta rabu gida biyu. Ya ƙara da cewa shi ne ƙarami a cikinsu, kuma sau da yawa rabin dare yana tafiya ne a jayayya kan hukuncin da ya yanke. Yana so ya san wanda na fi so da dalilin da ya sa.

Ƙanena, na fi son Pathfinder bugu na biyu, kuma ga fadarku musamman shi zan zaɓa muku. Babban dalilina yana cikin maganar da ka ƙara daga ƙarshe, wato cewa kai ne ƙarami kuma kai ne mai yanke hukunci, domin bambancin da ya fi girma tsakanin wasannin nan biyu shi ne wanda aka ɗora wa nauyin hukunci, jagoran wasa ko littafi.

Ya kamata ka fara sanin cewa gida ɗaya suka fito. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a shekarar 1974, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, sannan a 2000 ya fitar da bugu na uku tare da wani lasisi da ya ba kowa damar gina nasa wasa a kan ƙa'idojin. Da aka fitar da bugu na huɗu a 2008, wanda ya sauya abubuwa da yawa, sai kamfanin Paizo ya ɗauki tsohon tsarin ya gyara shi, ya fito da Pathfinder a 2009. Bugu na biyar da kuke wasa da shi ya zo a 2014, Pathfinder na biyu kuma a 2019. Saboda haka abin da kuka riga kuka koya ba zai tafi a banza ba: a dukansu ana jefa ɗan lido mai fuska ashirin, wanda ake kira d20, a ƙara masa lambar gwanintar jarumi, a gwada da lambar da ake nema.

Masu bugu na biyar sun zaɓi su rage ƙa'idoji da gangan, su bar wa jagora sarari ya yi hukunci da hankalinsa. Wannan zaɓi ne mai kyau ga jagoran da ya daɗe a harkar, wanda ƴan wasansa suke karɓar maganarsa ba tare da musu ba. Amma dubi abin da yake faruwa a tabarmarku. Ana tsakiyar faɗa, sai wani ya ce jaruminsa zai yi kirari ya tsorata abokin gaba. A bugu na biyar akwai gwanintar tsoratarwa, sai dai littafin bai faɗi abin da take haifarwa a fagen yaƙi ba: ko kirarin ya cinye damar kai sara, ko wace lamba za a nema, ko tsoron zai kai wane lokaci. Kai ne za ka ƙirƙiro amsa nan take, kuma bayan sati biyu wani zai nemi irin wannan, ka manta abin da ka yanke, ka yanke daban, a ce maka ai ran nan ka yardar wa wane. A wurinmu ƙarami ba ya ce wa yayansa a'a cikin sauƙi, ko da a wasa ne. Ko dai ka sassauta don kunya, wasan ya karkata ga wanda ya fi shekaru ko ya fi baki, ko ka tsaya a kan bakanka a ɗauka rashin ladabi ne. Hukunci irin wannan kamar awon hatsi ne ba tiya, kowa yana ganin an tauye shi ko da ba a tauye shi ba.

A Pathfinder na biyu an rubuta amsar. Kirarin tsoratarwa aiki ɗaya ne cikin ayyuka uku da jarumi yake da su, yana aiki a kan wanda bai wuce nisan ƙafa 30 ba, kuma ana gwada shi da ƙarfin zuciyar abokin gaba. Idan ya ci, abokin gaba ya tsorata, a rage masa ɗaya a duk abin da zai jefa da kuma kariyarsa, tsoron kuma yana raguwa da kansa a ƙarshen damarsa. Idan mai kirarin bai yi da harshen da wancan yake ji ba, a rage masa huɗu, kuma a kowane hali ba zai sake gwadawa a kan mutum ɗaya ba sai bayan minti goma na cikin labari. Ka ga ke nan ba ka da abin faɗa sai "Yaya, ga abin da littafi ya ce", ka miƙa masa salula ya karanta da idonsa. Girmansa bai taɓu ba, naka hukuncin ma bai taɓu ba. Haka aka tsara kayar da mutum ƙasa, da riƙe shi, da ɓuya, da tsalle, da ɗaure rauni, har da farashin kowane kayan sihiri da matakin ƙarfin jarumi da ya dace a same shi, alhali littafin jagora na 2014 iyakacinsa ya ba ka kimanin tsada gwargwadon ƙarancin abu, sauran ka yanke da kanka.

Dalili na biyu ya shafi yadda faɗa yake gudana, kuma a nan ne nake ganin Pathfinder ya yi wa ɗan'uwansa nisa. Abubuwa uku ne suke aiki tare. Kowane jarumi yana da ayyuka uku idan layi ya zo kansa, yana kashe su yadda ya so: tafiya, sara, ɗaga garkuwa, kirari, zaro takobi. Sara na biyu a dama ɗaya ana rage masa biyar, na uku kuma goma, don haka tsayawa wuri ɗaya ana ta sara ba dabara ba ce. Sannan sakamakon jifa hawa huɗu ne, domin idan ka zarce lambar da ake nema da goma ka yi gagarumar nasara, idan ka gaza ta da goma ka yi mummunar faɗuwa.

Bari mu sa lambobi ka gani da idonka. A ce jarumanku sun tare shugaban ƴan fashi a ƙofar birni, kariyarsa, wato lambar da ake nema kafin a same shi, 18 ce. Mayaƙinku mai sulke da garkuwa, a matakin farko, yana ƙara 9 a jifarsa. Yana bukatar 9 ko sama a d20 kafin ya same shi, wato fuska 12 cikin 20, kashi 60 cikin ɗari, kuma gagarumin sara mai ninka ɓarna ba zai samu ba sai da 19 ko 20, kashi 10 kacal. To, a ce kafin layi ya zo kansa, ɗan taurinku ya yi kirari ya ci, kariyar ta sauko 17, ɗan kokawarku kuma ya shiga ya kayar da shi ƙasa, wanda yake rage biyu, ta koma 15. Yanzu mayaƙin 6 kawai yake nema, kashi 75 ke nan, gagarumin sara kuwa daga 16 zuwa 20 ne, kashi 25. Mutum biyu ba su zubar da jinin kowa ba, amma sun ninka damar babban sara sau biyu da rabi, kuma kowa a tabarmar yana iya ganin hannunsa a cikin nasarar. Shi kuma mayaƙin, bayan sara biyu, idan ya duba na uku ya ga an rage masa goma, sai ya gwammace ya ɗaga garkuwa ya ƙara wa kansa kariya biyu har layi ya sake zagayowa. Wannan zaɓi ne na gaske, kuma yana zuwa a kowane zagaye.

Bugu na biyar yana da nasa maganin, wanda ba zan raina ba domin yana da saurin fahimta ƙwarai: idan kana da rinjaye sai ka jefa d20 biyu ka ɗauki babba, idan kana cikin matsi ka ɗauki ƙarami. Jifar da take da rabi da rabi tana komawa kashi 75 da rinjaye. Matsalar ita ce rinjaye ba ya taruwa. Da zarar ɗan kokawa ya kayar da mutum an samu rinjaye, duk wani rinjaye da na biyu da na uku za su kawo bai ƙara komai ba, kuma matsi guda ɗaya yana soke su duka. Ga shi kuma kusan kowane dodo yana da damar kai wa mutum sara idan ya juya zai bar gabansa, abin da yake sa jarumai su kafe wuri ɗaya har faɗa ya ƙare. A Pathfinder wannan dama ta mayaƙi ce da wasu dodanni ƙalilan, saboda haka ana zagaye, ana ja da baya, ana tare hanya. Fada mai mutum biyar, inda kowa yake jiran layinsa yana kurɓar shayi, tana bukatar wasan da zai sa wanda ba layinsa ba ne ya damu da abin da ɗan'uwansa yake yi.

Akwai kuma aikin da kake yi kai kaɗai kafin a zauna, wato auna ƙarfin abokan gaba. Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa a kan cewa jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas a yini ɗaya na cikin labari, ta yadda ƙarfinsu zai riƙa raguwa kafin su huta. Ku kuwa kuna zama ne bayan isha'i, kuma da wuya ku wuce faɗa ɗaya ko biyu kafin a watse, balle idan an ɗauke wuta. Sakamakon shi ne masu sihiri suna zazzage duk abin da suke da shi a faɗa guda, dodon da ka shirya ya zama abin tsoro ya faɗi tun kafin ya motsa, ko kuma ka ƙara masa ƙarfi da ka, ya kashe rabin ƙungiyar ba da niyyarka ba. Littattafan da aka sabunta a 2024 sun sauƙaƙa wannan lissafi, kuma gyara ne mai amfani, amma har yanzu ƙarfin ƙungiya yana rataye ne a kan yawan hutun da ta samu. A Pathfinder kuwa ana ba ka kasafi. Ga jarumai huɗu, faɗa matsakaici maki 80 ne, mai tsanani 120, na a mutu ko a yi rai 160. Dodon da yake mataki ɗaya da jarumai yana cin 40, wanda ya fi su da mataki biyu yana cin 80, wanda ya gaza su da biyu 20. Tunda ƴan wasanka biyar ne, sai ka ƙara 20 a matsakaici ya zama 100, ka ƙara 30 a mai tsanani ya zama 150. Abin da ya sa na amince da wannan lissafi shi ne, a wannan wasa matakin jarumi yana shiga cikin kusan kowace jifa, don haka tazarar mataki tana faɗa maka gaskiyar haɗarin. Idan takarda ta ce faɗa mai tsanani ne, to a tabarma ma za a ji tsananinsa.

Maganar kuɗi ba ƙarama ba ce a gare mu. Manyan littattafan Dungeons & Dragons uku ne, kowanne kimanin dalar Amurka 50, wato wajen jika 30 kafin a yi maganar kawo shi Nijar. Abin da kamfanin yake bayarwa kyauta yanki ne kawai. Takardar ƙa'idojin da ya saki ga kowa a farkon 2023, bayan ƙorafin da ya biyo yunƙurinsa na sauya tsohon lasisi, tana ɗauke da reshen ƙwarewa ɗaya tak ga kowane irin jarumi, ko da yake tana da fa'idar cewa an fitar da ita da Faransanci. Paizo kuwa ya yarda a sa ƙa'idojinsa gaba ɗaya a shafin Archives of Nethys, da dodanni da makamai da duk nau'o'in jarumai, ba tare da biyan ko dala ba. Shafin da Turanci yake, amma kamfanin Black Book Éditions na Faransa yana fassara littattafan, kuma masu son wasan a can suna da nasu shafukan Faransanci. Akwai kuma manhajar Pathbuilder 2e a salular Android, wadda take yi wa ɗan wasa lissafin jaruminsa. Abu ɗaya za ka kiyaye: a 2023 Paizo ya sake tsara littattafansa ya sauya wasu sunaye, don haka ku tsaya a kan sabon tsarin dukanku, kada wani ya karanta tsoho wani sabo.

Ba ka tambaye ni maganar addini ba, amma na san garinmu, kuma na san za ta taso ko daga cikin fada ko daga gida. Cikin nau'o'in jarumai 12 na littafin ƴan wasa na 2014, takwas masu sihiri ne ko masu roƙon gumakan da aka ƙirƙira don labari, kuma ƙarfin wasan ya karkata gare su yayin da ake hawa mataki. Idan a cikinku akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da riƙe irin wannan jarumi ba, bai kamata a matsa masa ba, kuma a Pathfinder ba zai zama koma baya ba. Mayaƙi da maharbi da ɗan sane suna da ƙarfinsu har ƙarshen wasa, sannan akwai ƙa'idar jinya wadda ba ta bukatar sihiri: mai sanin magani ya zauna minti goma a kan rauni, ya nemi 15, idan ya ci sai majinyaci ya samu sauƙi gwargwadon lambar da ƴaƴan lido biyu masu fuska takwas suka nuna. Da wannan ana iya tafiyar da ƙungiya gaba ɗaya da mayaƙa da wanzami ko mai magani, a bar abubuwan al'ajabi a ɓangaren dodanni. Game da jifar ɗan lido kuwa, kada ku taɓa sa kuɗi ko wani abin cin riba a kai, kuma wanda yake da shakka ya kai tambayarsa ga malaminsa. Takardu ashirin masu lamba a cikin hula, ana zara ana mayarwa, suna yin aikin d20 daidai, kuma suna fisshe ku idan babu shi a hannu.

Ina so kuma ka lura da yadda ƙa'idojin suke karɓar labarin ƙasarmu. Paizo ya fitar da littafi a 2021 a kan yankin Mwangi na duniyar wasansa, wanda aka gina a kan al'adun Afirka, kuma ya cancanci a duba shi. Sai dai ku ba ku da bukatar aro. Maradi, garin da sarakunan Katsina suka kafa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, mai Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, ga Tibiri ta Gobirawa a maƙwabta, ga gulbi da kurmin da ya taɓa rufe kwarinsa, yana da kayan labari fiye da abin da za ku iya ƙararwa. Ayarin fatake mai zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da uban dawaki, ƙungiyar jarumai ce da aka riga aka raba wa aiki. Lifidi da sulke da garkuwa da kibiya mai dafi duk suna da gurbi a ƙa'idojin, kokawa da kirari kuma ka riga ka ga yadda suke aiki. Shawarata ita ce ku ƙirƙiri birninku da sarakunanku, kada ku sa sunayen mutanen gaske, domin jikokinsu suna nan tare da mu, wataƙila har a cikin fadarku.

Abokanka da suke tare da Dungeons & Dragons ba su yi kuskure ba, kuma dole ka saurare su, domin Pathfinder yana da nauyi na gaske. Babban littafinsa na 2019 ya haura shafi 600, kusan ninki biyu na littafin ƴan wasan bugu na biyar. Halayen da jarumi yake iya faɗawa ciki, irin su tsoro da makanta da kasala, 15 ne a bugu na biyar, a Pathfinder kuwa sun ninka haka fiye da sau biyu. Ku kuma kuna karanta ƙa'ida da Turanci ko Faransanci ne kuna wasa da Hausa, don haka kowace ƙarin ƙa'ida ƙarin fassara ce a kanka. Faɗansa yana bukatar taswira mai gidaje, ko da a bayan kwali aka zana ta aka jera murafan kwalba, alhali bugu na biyar yana tafiya da baki kawai idan an so. Baƙon da ya zo fada yau yana iya shiga Dungeons & Dragons cikin rabin sa'a. Idan mutanenku ba su da tabbas, yau wannan ya zo gobe ya tafi kasuwa ko ƙauye, ko kuma abin da ya fi burge su shi ne hira da fadanci da warware asiri, faɗa kuwa sai jefi-jefi, to ku zauna inda kuke. Kai, a irin wannan hali ma zan ce ku duba Basic Fantasy, wanda Chris Gonnerman ya fitar kyauta tun 2006, ko Chroniques Oubliées da aka rubuta da Faransanci tun asali, domin duka biyun sun fi bugu na biyar sauƙi. Amma mutanen da suke kwashe rabin dare suna gardama a kan ƙa'ida mutane ne da ƙa'ida ta dame su, kuma irinsu ne suke jin daɗin Pathfinder.

Idan kun yarda za ku gwada, kada ka ɗauki labarin da kuke ciki ka juya shi zuwa sabon tsari, domin jaruman ba za su fito yadda masu su suka san su ba, kuma laifin zai hau kan wasan. Ku kai wannan labari wani matsayi ku ajiye shi, sannan ka shirya gajeren labari na zama uku ko huɗu da sababbin jarumai a matakin farko, ka faɗa wa kowa tun farko cewa gwaji ne kuma za a yi shawara bayansa. Fara da faɗa mai sauƙi kafin matsakaici, kuma kada ka haɗa su da dodo ɗaya da ya fi su da mataki uku a farkon tafiya, domin a nan ne sababbin ƙungiyoyi suke hallaka. Ka sayi littafin rubutu guda, ku rubuta a ciki da Hausa ayyuka goma da halaye goma da suka fi yawan fitowa, da sunan da kuka amince a kira kowanne, a ajiye shi a tsakiyar tabarma. Kowane ɗan wasa shi ne zai san ƙa'idojin jaruminsa, ba kai ba. Shi kuma abokin da ya kawo maganar Pathfinder, ka ba shi aikin buɗe shafin ƙa'idoji idan tambaya ta taso, yana nema kai kana ci gaba da labari, idan bai samu ba cikin minti ɗaya ka yanke na wucin gadi a duba bayan an tashi.